Kisan Kai a Kwamfutar Surukina

A daminar da na karye a ƙafa ne surukina ya kawo mini aikin da ban roƙa ba. Daga gonata ta Kaboji nake dawowa, babur ya zame a cikin taɓo ya kwanta a kan ƙafata ta hagu. Mai ɗori ya zo ya yi aikinsa, ya ce wata uku kada in kuskura in taka ƙasa. Aka shimfiɗa mini katifa a zaure inda iska ke shigowa. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa har suka gaji, suka bar ni da rediyo da ƙudaje.

Na fi shekara talatin ina aikin tafinta a kotu. Hausa na sha a nono, Fulatanci na tsinta a wurin kakata, Kambarci a bakin abokan wasa, Turanci kuma a makaranta. Aikina shi ne in tsaya tsakanin alƙali da mutumin da ba sa jin maganar juna, in ɗauko zance daga wannan baki in kai wancan kunne ba tare da na zubar da komai a hanya ba. Na tsaya a shari'ar ɓarnar gona ba iyaka, da ta satar shanu, har da ta kisan kai. Wannan tsohon aiki shi ya ja mini.

Surukin nawa, mijin 'yata ta biyu, mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yana riƙe da ita da daraja. Aikin kwamfuta yake yi a Abuja, kowa Injiniya yake ce masa, ni ma haka nake kiransa. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da ya fito daga kansa, gani yake duniya ta daɗe tana jiransa. Ya zo dubiya wata Asabar da lemo da kankana, ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini jaje, sannan ya jawo jakarsa ya fito da kwamfuta ya ɗora a kan kujera 'yar tsugunno.

"Baba, akwai wani abu da muka haɗa ni da abokan aikina. Shekara biyu muna kansa. Wasa ne."

"Wasa," na ce. "Shekara biyu."

"Ba irin na yara ba ne, Baba. Bincike ne. An kashe mutum a wani gari, kai ne mai binciken. Garin gaba ɗaya a buɗe yake, duk inda ka ga dama za ka shiga, duk wanda ka so za ka tambaya, ba mai ce maka bi nan ko bi can. Kafin mu sake shi muna son wanda ya san harkar shari'a ya gwada, ya gaya mana gaskiya."

Da wani ne da na ce ya tattara kayansa. Amma suruki ne, ga shi a durƙushe, ga kuma Hajiya mai ɗakina a bakin ƙofar cikin gida tana yi mini ido. Na ce to. Ya nuna mini madannai: huɗu na tafiya, ɗaya na magana, ɗaya na ɗaukar kaya. Ya ce zai dawo bayan mako uku ya ji hukuncina. Kalmar da ya yi amfani da ita ke nan, hukunci, yana murmushi kamar ya ba ni sarauta.

Washegari da hantsi na buɗe. Sai ga ni a cikin wani gari da suka raɗa wa sunan da ban taɓa ji ba, wai a ƙasar Hausa yake. Ni ne wani dogon mutum sanye da baƙar riga mai nauyi har gwiwa, da malafar Turawa, a garin da rana ke dukan ƙasa. Abu na farko da na lura da shi, mutumin nan ba ya tafiya sai gudu. Ka taɓa madanni kaɗan, ya zura. Da gudu ya ratsa kasuwa, yana bangaje masu talla, ba wanda ya ɗaga kai. A nan Kontagora baƙo ya yi wannan gudun a tsakiyar kasuwa, kafin ya kai layin masu hatsi an yi masa ihun ɓarawo, sai dai wani ya zo ya binciki nasa kisan.

Wanda aka kashe dillalin shanu ne. An tsinci gawarsa a bayan kara, wato kasuwar shanu, a gindin tsamiya. Na je na tsaya a kanta. Can gefe wani abu yana walƙiya kamar an kunna masa fitila, na danna, ashe wuƙa ce. Gaba kaɗan wani abu na walƙiya, zobe. Gaba kuma yankin takarda. Duk abin da ke da amfani a garin nan haske yake yi, wanda ba shi da amfani ba ya ɗaukuwa. Makaho ma da ɗan jagora sai ya gama binciken.

A wasan rana tana fitowa ta faɗi cikin 'yan mintoci. Na zaga gari na dawo, rana ta faɗi sau uku, gawa tana nan. Na sake zagawa, tana nan. Ba likkafani, ba ko tsumma a fuskarta, ba dangi, ba liman, ba ƙuda ko ɗaya. Wata mai tumatir tana ta ciniki taku biyar daga ƙafafunsa. Hajiya ta kawo mini kunu ta tsaya tana kallo ta bayana.

"Malam, shi wannan bawan Allah ba shi da kowa ne?"

"Yana da mata da ƙane. Suna gida."

"Suna gida suna me? To kai ka rufe shi mana."

Na danna duk madannan da aka nuna mini da waɗanda ba a nuna mini ba. Mutumina ya yi tsalle, ya tsuguna, ya fito da taswira, ya kunna tocila da rana tsaka. Babu na rufe gawa. Hajiya ta yi tsaki ta ɗauke kwanon jiya ta shige.

A kwana na uku ne abokina Kofur ya shigo cikin lamarin. Tsohon ɗan sanda ne, Bakambare daga Sahon Rami, Kirista, mun yi shekaru muna haɗuwa a harabar kotu, shi ya kawo wanda ake tuhuma, ni in fassara. Tun da na karye kullum bayan azahar sai ya zo da kekensa ya zauna har la'asar sakaliya. Hausarsa ba ta cika rarrabe mace da namiji ba, amma duk abin da ya faɗa ka san daga cikinsa ya fito. Ya leƙa ya ga wuƙa tana haske, ya yi dariya har da tari.

"Tafinta, da a zamaninmu shaida yana kunna fitila haka, da kwamishina na yi ritaya, ba kofur ba."

Tare muka shiga gidan mamacin. Na ce muka shiga, amma kutsawa muka yi, don babu madannin sallama. Mutumina ya ture ƙofa da takalmansa, ya ratsa tsakar gida, ya faɗa ɗakin matar da mijinta ke kwance a bayan kara. Tana tsaye a tsakiyar ɗaki kamar an kafa turke, ba mayafi, ba mata 'yan zaman makoki. A gabanta na buɗe akwatinta, na zazzage kayanta, na ɗauki wata wasiƙa mai walƙiya na sa aljihu. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Barka da zuwa, mai bincike. Ka samu yini mai kyau."

Wannan jimlar ta fi komai ƙona mini rai. Ka samu yini mai kyau. Wace uwa ce ta taɓa faɗa wa wani haka? Duk Hausar garin irin wannan ce. Mahauci ya ce mini, "Ina da mummunan ji game da wannan." Mai shayi ya ce, "Lokaci ba ya gefenmu." Ana jin Turancin a ƙarƙashi kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Da ni na yi irin wannan fassarar a gaban alƙali, da tun makon farko an mayar da ni share harabar kotu. Mutane bakwai ko takwas, 'ya'yan Hausawa, suka zauna shekara biyu, ba wanda ya tuna yadda kakarsa ke magana.

Sai kuma shaidu. Duk wanda ka tsaya a gabansa, ba gaisuwa, ba tambayar gida da iyali, sai ya fara zuba. Ya ga wane da ƙarfe kaza, ya ji ihu daga gabas, wane da mamaci ba sa ga maciji. In ka sake dannawa ya maimaita maka, kalma da kalma, ko sau ɗari ne. Ni da Kofur muka dubi juna. Mu da muka san yadda ake fama kafin mutumin ƙauye ya yarda cewa ya ma san mamacin. Sai an bi ta hannun mai unguwa, an zauna a tabarma, an sha ruwa, an yi zancen damina, sannan ya ce shi a ranar yana ɗaki zazzaɓi ya kwantar da shi. Wasan ya ba ka hanya uku ta tambaya: lallashi, barazana, ko kyauta. Bai ba ka shiru ba. Alhali a iya sanina shiru ne ke buɗe bakin mutum. Ka yi tambaya ka bar ta a ƙasa, ka dubi bango, shi da kansa zai gaji da nauyinta ya ɗauka.

Faɗin garin da Injiniya ke alfahari da shi kuwa, faɗin banza ne. Gidaje sun fi ɗari, amma waɗanda ke buɗuwa ba su kai goma ba, sauran ƙofofin zane ne a jikin bango. Mutane iri biyar ne aka yi ta maimaitawa. Akwai wani tsoho mai farar hula da na haɗu da shi a masallaci, na juya na gan shi a tasha, na sake ganinsa su biyu suna tsaye kusa da juna a bakin rijiya. Ka yi gudun minti goma a daji ba ka tarar da komai ba sai itace iri ɗaya, daga nan ka bugi iska, rubutu ya fito wai ba za ka iya wuce nan ba. Ga 'yancin da aka ce an ba ni.

Abin takaici, Kofur ya kamu. Dattijo mai jikoki, mai wa'azi a majami'arsu in fasto ya yi tafiya, sai ya karɓe kwamfutar daga cinyata ya ce in huta. Shi ba ruwansa da wanda ya kashe dillali. Ya gano ana iya hawa babur ɗin kowa a tafi da shi ba mai magana, ya yi ta yi. Ya gano ana iya hawa rufin gidaje. Ya kori kaji har cikin masallaci. Daga baya ya tarar da wani kogi a gefen gari inda ake kamun kifi, nan ya tare. Yini uku yana jefa ƙugiya.

"Kofur, gawa fa tana can."

"Bar shi, Tafinta, ba ta zuwa ko'ina. Dubi wannan tarwaɗa."

A mako na biyu muka kai ga wani makiyayi. Duk mutanen garin shi suke nunawa: an gan shi da mamaci, sun yi cacar baki, yana da sanda. Yana can ƙarshen taswira, bukka ɗaya tilo, shi kaɗai a tsaye da sanda a kafaɗa, ba mata, ba yara, ba ko ƙwaryar nono. Shanunsa baƙaƙe da fari ne irin na jikin gwangwanin madara, ba tozo, ba ƙaho. Kowa a garin idan ka matso kusa da shi sunansa na fitowa a saman kansa. Shi kuwa abin da aka rubuta masa kawai, Makiyayi. An sa masa wata karyayyar Hausa wadda ban taɓa jin Bafulatani ya yi ba, ni da na yi rabin rayuwata ina sauraronsu.

A wasan kana iya tuhumar duk wanda ka so a duk lokacin da ka so. Kofur ya ce, "Kama shi mu ga abin da za ta faru." Na danna. 'Yan sanda biyu suka ɓullo daga cikin ciyawa suka tafi da shi. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi, rubutu ya fito: Ka yi kuskure. Za ka sake gwadawa? Na danna e. Sai ga makiyayi a tsaye a inda yake, sanda a kafaɗa, shanunsa na kiwo.

Na rufe kwamfutar. Kofur bai ce a buɗe ba.

Akwai wata shari'a da muka yi tare, shekaru da yawa da suka wuce, daga wajen Zugurma. An tsinci wani manomi a mace a bakin gonarsa, ga sawun shanu a kusa. Aka kamo wani Bafulatani magidanci daga rugar da ta fi kusa. Ni na yi masa tafinta. Mutum ne mai filako, ba ya ɗaga ido, ba ya ƙara kalma a kan abin da aka tambaye shi. Aka ce ya taɓa yin rigima da mamacin? Ya ce e, bara, a kan hanyar ruwa. Gaskiya ya faɗa, ni ma na isar da ita yadda take. Mutanen ƙauyen sun san rigimar gona ce tsakanin mamacin da danginsa, amma kowa ya ja bakinsa ya ɗinke. Bafulatanin nan ya daɗe a tsare kafin wata tsohuwa, da ta ga ciwonta ba na tashi ba ne, ta kira mai gari ta faɗi abin da ta gani. Ko da ya fito, garkensa ya watse, wasu sun mutu, wasu an sayar, matarsa ta koma wurin iyayenta da yaran. Na haɗu da shi a tasha bayan nan, yana dakon buhuna. Shi ya fara gane ni. Ya ajiye buhun ya gaishe ni da hannu biyu, ya yi mini godiya wai ban sauya masa magana ba.

"Ka tuna mutumin Zugurma?" na ce wa Kofur.

"Ni na sa masa ankwa," in ji shi. "Da kansa ya miƙo hannu."

Ya ɗan zauna, sannan ya tashi ya ɗauki kekensa tun kafin a kira la'asar. Washegari ya dawo, muka gaisa, ya karɓi kwamfutar ya koma kogi. Ban hana shi ba.

Ni dai na yi alkawari, don haka na ƙarasa. Wanda ya yi kisan abokin dillancin mamacin ne, wai don an zaɓi mamacin sarkin kara an bar shi. Yadda na gano shi kuwa, ya zauna ya rubuta duk abin da ya aikata a takarda, ya sa hannu, ya ajiye a ƙarƙashin matashinsa, takardar tana walƙiya. Da na tunkare shi bai musa ba, bai ce a kira masa kowa ba. Ya gyara tsayuwa ya yi mini jawabi mai tsawo, ya bayyana yadda ya yi da dalilinsa da inda ya bi, har da abin da ban tambaya ba. Aka buga ganguna, aka rubuta mini cewa ni gwarzon mai bincike ne. Na gode.

Na sa aka sayo mini littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kwana huɗu ina rubuta rahoto, ɗaya bayan ɗaya da lamba, yadda muke jera hujjoji. Na kai arba'in da wani abu. Hajiya ta ga ina ta cika shafi, ta zauna a bakin katifa ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta yi dariya a wasu wurare, amma da na gama ta ce, "Malam, ka dai tuna 'yarka a gidansa take kwana." Saboda ita na soke guda uku, har da inda na ce wanda ya rubuta Hausar wasan a mayar da shi aji ɗaya, a kuma haɗa shi da bulala. Sauran na bar su.

Injiniya ya dawo ranar da ya ce. Kofur yana nan. Bayan gaisuwa, maimakon ya tambaye ni me na gani, sai ya fito da wani ƙarfe mai ƙafa uku ya kafa a tsakiyar zaure, ya ɗaura wayarsa a kai tana kallona.

"Baba, in ba damuwa, ko za a kawo maka babbar riga da hula? Ɗan bidiyo ne na minti ɗaya. Ka ce kai tsohon ma'aikacin kotu ne, ka gwada wasan, ka ga ya yi daidai da yadda ake bincike na gaskiya. Sai ka ce ka ba shi tauraro biyar. Na ma rubuto maka, ga shi."

Ashe hukuncin an riga an rubuta, sa hannu kawai ake nema. Na karɓi takardarsa na ajiye a gefe, na miƙa masa littafina.

"Injiniya, ka ce in gaya maka gaskiya. Ga ta nan."

Ya fara karantawa da murmushi. A shafi na biyu murmushin ya ragu, a na huɗu ya cire tabarau ya goge. Ba zan ce bai yi ladabi ba, kansa a ƙasa ya yi ta ba ni amsa. Gawar dole ta zauna, in ji shi, don mai wasa ya riƙa dawowa yana dubawa. Sallama da gaishe-gaishe za su gundiri matasa, su sauri suke so. Walƙiyar kuma in babu ita mutane za su ɓace su daina. Kowane aibi da dalilinsa, kuma duk dalilan ɗaya ne: kada mai wasa ya gaji, kada ya jira, kada ya ji nauyin komai.

"Makiyayin kuwa, Baba, da gangan muka sa shi. Darasi ne. Muna son mutane su zarge shi, sannan su ga ba shi ba ne, su koyi kada a yanke wa mutum hukunci saboda ƙabilarsa."

"Madalla da niyya," na ce. "Mene ne sunansa?"

"Wa?"

"Makiyayin. Mai tumatir tana da suna. Mai shayi yana da suna. Har jakin mai ruwa kun ba shi suna, Kofur ya nuna mini. Shi mene ne sunansa?"

Na bar tambayar a ƙasa. Na dubi bango. Can ya ce ba su yi tunanin wannan ba. Na ce na sani.

Ya ɗan nisa, sannan ya ce, "To Baba, ba abin da ya yi kyau ko ɗaya?"

Akwai, kuma na faɗa masa, yana shafin ƙarshe. Idan hadari ya haɗu a garin nasu, ƙarar ruwa a kan kwanon rufi ta yi daidai, har da yadda take farawa ɗiɗɗiga kafin ta ɓarke. Ran da na fara ji sai da na kira Hajiya ta kwashe shanya. Wanda ya yi wannan ya taɓa kwana a ɗakin kwano, ya kuma saurara. Injiniya ya ce wata abokiyar aikinsu ce ta naɗo a gidan iyayenta. Na ce a gaishe ta.

"Tauraro nawa ke nan, Baba?"

"Tauraro a sama yake, Injiniya. Wannan ko aci-balbal bai kai ba."

Daga cikin gida na ji Hajiya ta saki murfin tukunya. Injiniya ya fara kwance wayarsa daga kan ƙarfen. Sai Kofur ya yi gyaran murya.

"Ɗana, ni ma fa tsohon ma'aikaci ne. Shekara talatin da biyar da kaki. In bidiyo kake so, ba ni minti ashirin."

Ya hau keke ya je gida, ya dawo cikin kwat ɗinsa ta zuwa majami'a, da lambar yabo guda a ƙirji. A zaurena, a kan kujerata, ya zauna ya ba wasan tauraro biyar. Bai bi takardar ba. Ya ce shi dai bai san wanda ya yi kisan ba har yanzu, amma duk mai son kamun kifi ba tare da sauro ya cije shi ba, ya nemi wannan abu. Injiniya ya so a sake ɗauka, Kofur ya ce shi magana ɗaya yake yi. Haka aka saka shi. Na ji an ce bidiyon ya zaga wayoyi, har a Sahon Rami ana tsayar da Kofur a hanya ana tambayarsa ina kifi. Ya ji daɗin abin ƙwarai, har yau yana ba da labari.

Bayan kwana biyu 'yata ta kira ni a waya. Ta tambayi ƙafa, ta tambayi gona, sannan ta ce, "Baba, ka san ranar da ya dawo ko abinci bai ci ba?"

"Ba shi da lafiya ne?"

"Baba."

"Shi ya ce in faɗi gaskiya."

"Ai ba duka ake faɗa wa suruki ba."

"Ba duka na faɗa ba. Tambayi uwarki, uku na soke."

Ta yi dariya ba ta so ba. Ta ce littafin dai yana kan teburinsa, ya kai wa abokan aikinsa sun yi ta gardama a kai. Abin da suka gyara da wanda suka bari ban sani ba, don ban sake buɗe wasan ba, kwamfutar ma ya tafi da abarsa. Sun sake shi bayan 'yan watanni. An ce matasa sun yi ta saukewa a wayoyinsu, wannan kuma bai ba ni mamaki ba, tunda ana sayen alawar da ba komai a cikinta sai kala.

Ƙafata ta warke kafin a gama girbin dawa, sai ɗan ɗingishi da ya rage. Da babbar sallah Injiniya ya zo da iyalinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, na sa masa albarka kamar kullum, muka ci nama, ba wanda ya ta da zancen. Sai da za su tafi, yana riƙe da ƙofar mota, ya ce sun fara wani sabon wasa, na noma ne, mutum zai shuka masara ya girbe cikin minti biyar. Ya ce ko zan so in duba musu in sun gama.

Na ce masa gidan Kofur yana bayan makarantar firamare, ƙofa mai shuɗin fenti, kuma ba ya fita sai bayan azahar.